Gungumen Maɗacin Kausar

Dusar katako Kausar ta je ɗiba ranar da ta fara ganin Ja'afar. Innarta Atika da murhun dusa take girki, don haka lokaci-lokaci yarinyar kan naɗe buhunanta, ta hau kabu-kabu daga Ƙofar Taramniya zuwa injin yankan katakon gidanmu da ke bayan unguwar Minanata a Sakkwato.

Tun daga bakin titi ta ji kukan babban zarto. Rabon zarton nan da kuka tun rasuwar babanta Jalaluddeen, don shi kaɗai ke iya masa.

Ta shiga da sauri. Wani dogon saurayi ta gani tsaye a inda babanta ke tsayawa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, dusa ta mai da kansa fari fat kamar na tsoho. Yana ɗaga ido ya gan ta, sai ya kai hannu ya kashe inji.

Bappa Illo, yayan babanta, ya taso daga benci da faɗa. "Kai yaro! Wa yac ce ka kashe? Man gas ɗin ga ruwan gulbi na?"

"Yi haƙuri Baba. Iska na kaɗa mayafinta wajen bel ɗin inji."

Kausar ta tattare mayafin ta harare shi. "Ni da aka haifa cikin dusar nan za a koya wa hanyar bel?"

Ya sauke ƙyallen daga hancinsa yana murmushi. "Ranki ya daɗe, ni na yarda. Bel ɗin ne ba a gaya masa ba."

Baba Barnabas kafinta, wanda ke da rumfa a cikin filin tun kafin a haifi Kausar, ya ajiye magagari ya yi dariya har da tari. Illo bai yi ba.

Ja'afar ne ya cika mata buhunan, ya ɗaure, ya kai har bakin titi. Da yamma Atika na dannar dusa a murhu sai hannunta ya ci karo da wani guntun katako da aka goge sumul, an rubuta lambar waya a jiki da fensirin kafinta. Ta juya shi, ta miƙa wa ɗiyarta ba tare da ta dube ta ba.

"Ke, karɓi. Wanga ba na wuta ba na."

Kausar ta ɗauki mako guda tana jan aji, sannan ta rubuta: "Mai Zarto, ka kusa sa Inna ta dafa tuwo da lambarka."

Amsa ta zo nan take: "Da an ci tuwo mai daɗi. Yaya mayafi, 'Yar Dusa?"

Bari in faɗi yadda injin nan ya samu, don sai an san shi za a gane abin da ya biyo baya.

Babanmu Malam Sule manomin gero ne a wani ƙauye bayan Kware. Da rani yake faskara giginya ya fitar da azara, ya ɗora wa jakuna ya kawo birni. Da mutane suka koma rufin kwano, sai ya sayi dogon zarto irin na mutum biyu, ɗaya a bisa ɗaya a cikin rami. Illo ne a bisa, Jalalu baban Kausar a rami, dusa na zuba masa a ido yana waƙa. Ni ce autarsu, ni ke kai musu fura. Daga baya suka sayi tsohon inji hannun wani Bayarabe da zai koma gida, suka kafa shi bayan Minanata, lokacin wurin duk gonaki ne. Illo ya riƙe sayo gumagumai daga Kontagora, Jalalu ya riƙe zarto.

Doka biyu Malam Sule ya bar mana. Ta farko, duk wanda ya zo neman itacen rufe kabari ba a karɓar ko kwabonsa, kuma ba a mai da shi hannu wofi. Ta biyu, ranar sunan kowace ɗiya mace ubanta zai zaɓi gungume ya ajiye, ya yi ta bushewa har ranar da za a yi mata gadon aure, don katakon da aka yanka ɗanye zafin Sakkwato murɗe shi yake yi.

Nawa an yi mini gado da shi, na 'ya'yan Illo ma haka. Na Kausar kaɗai ya rage, jan maɗaci. Jalalu ya ɗora shi bisa duwatsu a bayan rumfa, ya rufe da tsohon kwano, duk shekara ya shafa masa baƙin mai saboda gara. A kansa yake zama ya ci abinci. Ita kaɗai Allah ya ba shi, bai kuwa ga aurenta ba. Motar gumagumai ta kife da su shi da Illo a hanyar Kontagora. Illo ya fita da karaya, Jalalu aka binne shi a wani ƙauyen bakin hanya. Mu mata ko kabarinsa ba mu gani ba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske makwancinsa.

Dokar farko duk ma'aikacin da aka ɗauka ana gaya masa ita ranar da ya fara. Ta biyu ba a faɗa wa baƙo. Zancen gadon budurwa ne, wa zai buɗe baki?

Soyayya ta yi ƙarfi tsakanin yaran nan. Ja'afar ɗan manoman shinkafa ne daga wajen Wurno, a Kontagora ya koyi zarto, ɗaki guda yake haya a Minanata. Ranar Juma'a bayan la'asar yake zuwa zance, ya yi wanka ya yi wanka amma sai ka ga dusa a bayan kunnensa.

Wata Juma'a suna zaure ya ce, "Sanyin idona, wai gungumen nan na bayan rumfa na wane ne? Ban taɓa ganin maɗaci ya bushe haka ba."

Kausar ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni ina na sani? Tambayi Bappa."

"To me ya kawo rufe fuska?"

"Sauro ne."

Ya tambayi Illo. Illo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka gama aikin da ke gabanka?" Ya tambayi Barnabas, shi kuma ya daki kafaɗarsa yana dariya. "Ɗan samari, in lokaci ya yi za ka sani, har ka gode mani." Haka kowa ya bar shi cikin duhu, wani don kunya, wani don wasa, wani don ƙi.

Don Illo ba ya son zancen. Da Ja'afar ya turo ƙanen babansa neman izini, an ba shi ruwa, an ce sai an yi shawara. Yana fita Illo ya shigo cikin gida ya tsaya ƙofar ɗakin Atika.

"Yaron da nid ɗauka aiki jiya shi zai auri ɗiyar Jalalu? Ke ba ki ga abin da shika hange ba? Rabon yarinyar ga na cikin injin nan. Yau shi aure ta, gobe shi zaunar da ni benci shi ce Baba huta."

Atika ta ce, "Yaya, ni ban ga haka gare shi ba."

"Ke kina cikin gida. Ga Macciɗo nan, mun san ubanai, mun san kakanai."

Macciɗo ɗan aminin Illo ne, yana da babban shagon kayan ɗaki na ƙasar waje a cikin gari. Ba mugun yaro ba ne, sai dai in ya fara magana kan kujerun Turkiyya ba ya jin sallama. Illo bai ce dole ba, Allah ya sani, amma ya ƙi cewa i, ya ƙi cewa a'a, ya bar zancen rataye.

Kausar ta rubuta wa Ja'afar: "Bappa gani yake inji kake so, ba ni ba."

Ya amsa: "Inji bai iya harara ba, bai iya dariya ba. Ki ba ni lokaci, Sanyin idona. Zan riƙe masa sunan gidan nan har ya gane ni ba ɓarawo ba ne."

Daga nan ya ƙara ƙaimi. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. In an zo neman itacen kabari da gudu yake tashi, ya zaɓi masu kyau cikin gefe-gefen da zarto ke zubarwa, ya yanka daidai, ya ɗora musu a mota da kansa.

Sai damina ta yi nauyi. Illo ya tafi Kontagora sayen kaya, ruwa ya cinye wata gada, tirela ta maƙale a can. Filin inji ya zama wayam. Kafintoci sun kwashe katako, mata sun kwashe guntaye saboda itacen girki ya jiƙe ko'ina.

Ranar wata Lahadi aka wayi gari da mummunan labari. Ruwan da aka kwana ana yi ya kayar da ɗakin ƙasa a bayan layinmu, ya danne wata mata Uwani da 'ya'yanta biyu. Mijin ɗan kabu-kabu ne, fitarsa sallar asuba ce ta raba shi da su.

Ja'afar shi kaɗai ne a inji yana gyaran bel, Barnabas yana coci. Sai ga mutanen unguwa da motar a-kori-kura, limamin layin a gaba.

"Yaro, ina Illo? Gawa uku muka da ita. An gama wanka, ana gina kabari. Itace muka so."

Ja'afar ya waiga hagu, ya waiga dama. Ko sandar kora akuya babu.

"Malam, wallahi kaya sun yanke mana."

Liman ya ce, "Tun zamanin Malam Sule ba mu taɓa zakkuwa nan munka koma hakanan ba. To, Allah shi kyauta." Ya juya.

Maganar nan ta soki Ja'afar. A hannunsa za a ce an fara? Ya ce su dakata. Ya kira Illo, waya ba ta shiga. Ya sake kira, shiru. Ya kira Barnabas, a kashe. Ya kira Kausar, ita kuwa tana gidan rasuwar tare da mu, wayar na gida a caji.

Ya zagaya bayan rumfa. Ya tsaya gaban gungumen, zufa na keto masa duk da sanyin ruwa. Ya san an hana shi tambaya, amma ba wanda ya taɓa ce masa ga dalili. Ya ce a ransa, itace dai itace ne, wani na zuwa cikin tirela. Ya yaye kwanon.

"Ku kama mani."

Da azahar Barnabas ya biyo ta inji da rigarsa ta coci. Tun daga ƙofa ya ga dusa ja a ƙasa. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Ja'afaru! Me ka yi? Me ka yi, ɗana?"

"Gawa uku aka kawo zance, Baba, babu ko..."

"Gadon Kausar ke nan! Ubanta ya ajiye tun ranar sunanta. Ni na taya shi ɗora shi kan duwatsun nan!"

Ja'afar ya zauna a ƙasa, cikin dusar, bai san ya zauna ba.

Kafin la'asar labari ya iso gida. Kausar ta zari mayafi. Na bi ta. Muka tarar da abin da ya rage, bai kai rabi ba, an yanke shi, cikinsa ja kamar nama. Wajen da Jalalu ke zama, inda zamansa ya goge itacen har yana sheƙi, babu shi.

Ta durƙusa ta dafa guntun. Ja'afar ya matso.

"Kausar, wallahi ban sani ba. Na tambaye ki, na tambayi..."

"Kada ka matso."

"Ki saurare ni."

"Ba ni da hotonsa mai kyau. Ba ni da kabarinsa. Wannan kaɗai nake zuwa in taɓa in ji kamar ya taɓa ni. Ka zaci dusa ce ke kawo ni wurin nan?" Ta ɗago ta dube shi. "Ka ga abu a rufe, an ɗora bisa dutse, ana shafa masa mai, sai ka ce ba na kowa ba ne?"

Ta miƙe, muka fita.

Da Illo ya dawo ya gani, mutane sai da suka riƙe shi.

"Itacen dogon yaro ya ƙare cikin Sakkwato? Tukwane sun ƙare? Da kac ce babu, da ba su binne gawa ba? Amanar ƙanena! Abu guda da yab bar mani in tsare!"

"Baba, dokar gidan nan na..."

"Kai za ka koya mani dokar ubana? Ba ka shigo gidan ba ka hwara yanka. In ka shigo mi za ka bari? Hita! Kada in sake ganin ƙahwarka nan, balle ƙohwar gidana."

Ja'afar ya ajiye ƙyallen hancinsa bisa inji, ya fita.

Saƙonni suka yi ta shigowa wayar Kausar.

"Ban nemi ki ce ban yi laifi ba. Na yi. Na so Bappa ya yabe ni, shi ya rufe mini ido."

"'Yar Dusa, ko zagi ne ki turo."

"An ce mini akwai aiki a Kontagora. Ba na son tafiya ban ji daga bakinki ba."

Tana karantawa, ta kife wayar, ta juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske.

Macciɗo ya zo jaje, ya zauna zaure da ƙamshin turarensa. "Ki daina kuka kan tsohon icce, Kausar. Dubi nan." Ya miƙo waya. "Wanga gado har fitila gare shi, da wurin cajin waya. Ki zaɓi duk wanda kika so."

Ta dubi hoton, ta dube shi. "Na gode. Sai an jima." Ta shige gida. Amma Illo ya riga ya fara cewa bayan girbi za a zauna da mutanen Macciɗo, tunda ita da kanta ta daina kula wancan.

Atika ce ta ce mu koma gidan rasuwar, don ranar farko cikin ruɗani aka yi gaisuwa. Ta ce wa ɗiyarta, "Ke, tashi ki raka mu." Atika ba ta kiran sunanta, ɗiyar fari ce.

Muka tarar da uwar Uwani a tsakar gidan maƙwabta, tsohuwa ƙanƙanuwa, idanunta sun ƙafe. Da aka ce mata iyalin Malam Sule ne, sai ta kamo hannun Kausar, don ita ce kusa.

"Ku na masu inji? Allah shi saka muku. Surukina yac ce mani katakon da kunka ba da, ko gidan mai kuɗɗi sai haka. Ja wur, busasshe, har ƙamshi shikai." Ta share hanci da bakin zane. "Uwani tun da anka kai ta ɗaki bisa tabarma taka kwana, ita da ɗiyanta. Ba ta taɓa hawa gado ba. Nic ce to, ga shi Allah ya ruhe ta da na manya."

Kausar ta sunkuyar da kai. Hawayenta na ɗiga a hannun tsohuwar, ita kuwa ta zaci na ta'aziyya ne, tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, yi haƙuri."

Muna shiga gida Atika ta wuce ɗakinta, ta ce da ni, "In Yaya ya dawo masallaci ki ce ina son ganinai."

Tun rasuwar mijinta Atika ba ta taɓa aika a kira Illo ba. Ya shigo bayan la'asar yana ɗingishinsa, aka shimfiɗa masa tabarma. Kausar na cikin ɗaki, labule kaɗai ya raba su.

"Yaya, tambaya gare ni. Ban taɓa yi ba don ban iya jin amsa. Yau ina so in ji."

"Ina jin ki."

"Ranar da kunka binne ƙanenka can bakin hanya, ina kunka samu itace?"

Illo ya ɗago kai da sauri. "Mi ya kawo wanga zance?"

"Motarku na cikin rami da gumagumai, ba zarto, kai ga karaya. Ba ku san kowa ba garin. Da mi anka ruhe shi?"

Da Illo ya buɗe baki muryarsa ta sauya.

"Wani tsoho na. Bakambare, ko Hausa bai ji sosai. Yana da rumfa ƙohwar ɗakinai, inda shika shan iska. Yas sa ɗiyanai sunka kwance ta, sunka sassare dirkokin." Ya dafa aljihunsa. "Nim miƙa mai abin da ke aljihuna, yat ture hannuna."

"Ka san sunanai?"

"Ban tambaya ba. Hankalina ba shi jikina."

Atika ta gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. "Garin nan ba itatuwa cikin daji, Yaya? Da yac ce ku tai ku saro, wa zai ga laihinai?"

Atika ta ci gaba.

"Ni ban ce yaron ga bai yi wauta ba. Ya yi. Amma mu munka ɓoye mai, ni da kai da ita. Kuma wautar da yay yi, irin ta gidan ga ta. Da ƙanenka na tsaye wurin ranar, liman ya juya zai tahi hannu wofi, kai ka san abin da zai yi. Sai dai shi zo shi ba ɗiyatai haƙuri daga baya."

"Amana ta yab bar mani, Atika."

"Gungume yab bar maka, ko yarinya?"

Sai labule ya motsa. Kausar ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Bappa, itacen nawa ne ko?"

"Naki na."

"To na bar wa Uwani da 'ya'yanta. Allah ya kai ladan kabarin Baba." Ta ja numfashi. "Shi kuma na yafe masa. In ka yarda, shi nake so. In ba ka yarda ba, ba zan saɓa maka ba, amma kada a zauna da mutanen Macciɗo."

Illo ya dube ta, ya dubi Atika, ya dube ni kamar ni zan cece shi. Ya miƙe da ƙyar ya sa takalmi. Har ya kai ƙofa, sannan ya tsaya bai waiwayo ba.

"Kaya na can jibge, ba mai yankawa. Ku gaya ma wancan mai kunnen ƙashi in ya gama hushi, zarto na jiranai. Shi turo manyanai kuma. Ba ƙanen uba ba, uban da kanai."

Kausar ta shige ɗaki da gudu. Ta ɗauki waya ta rubuta: "Mai Zarto, kana ina?"

"Tasha. An kusa cika mota."

"Sauko."

"Kausar, da gaske?"

"Sauko na ce. Bappa na neman babanka. Ni kuma ban gama fushi ba, ka zo in ƙarasa a gabanka."

"Ga ni nan, Sanyin idona. Ki yi ta yi har mu tsufa."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar gidanmu, Illo ne waliyyi. Macciɗo ya zo, ya yi addu'a tare da kowa, ya kawo kyautar madubi.

Gado kuwa Barnabas ya auna guntun maɗacin ya ce fuskar wajen kai kaɗai zai fitar. Sauran jiki da ƙafafu aka yi da farin katako na kasuwa. Ya kawo shawarar a shafa fenti ya zama launi guda, Atika ta ce a bar shi yadda yake.

Ranar jere a Minanata mata suka yi ta taɓa baki. Wata daga dangin ango ta kasa haƙuri. "Ikon Allah! Ɗiyar masu katako, gado kala biyu? Kai ja, ƙafa fari?"

Atika, da ba a san ta da magana cikin taro ba, ta ce, "Awo. Sauran na wurin waɗanda sunka hi mu bukata." Ta ci gaba da shimfiɗa zanen gado.

Da aka kawo amarya aka zaunar da ita, ta kai hannu ta ƙarƙashin mayafi ta dafa jan itacen, ta daɗe a haka. Ango ya shigo da abokansa, ya durƙusa gaban Atika ya kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Tashi, ɗana. Ga ta nan. Ka tambaye ta abin da ba ka sani ba, ke kuma in ya tambaya ki hwaɗa mai. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'a mai jin ƙai. Allah shi jiƙan wanda bai ga yau ba."

Muka ce amin, muna kuka muna dariya, muka ja musu ƙofa.